Tagullar da ke Tokare da Ƙofata

Kun san ƙarfen nan na tagulla da nake tokare ƙofar ɗakina da shi. Kun tashi kun gan shi, kun yi tuntuɓe da shi, 'yar'uwarku Lami har ta sha fasa ƙwaryar manja a kansa. Kun kuma ji abin da ake faɗa a Kafanchan in ɗayanku ya gitta: ga 'ya'yan Dogara ɓarawon inji. Ban taɓa ba ku amsar da za ku mayar ba. Mahaifiyarku ta tafi, Alhaji Inuwa ya tafi, kakanku Gimba ya riga su duka. Saura ni. Zan faɗa sau ɗaya.

Na bar ƙauyenmu na wajen Kagoma domin gonar doyar mahaifina ba ta ishe mu mu bakwai ba. A Kafanchan na fara da dakon kwal. Lokacin jiragen ƙasa kwal suke ci, garin kuma warinsa yake yi tun daga tasha har kasuwa. In ka shanya farar riga da safe, da yamma ka kwashe mai ruwan toka, babu wanda ya damu. Daga dako na samu shiga wani ƙaramin gidan wuta na kamfanin sayen citta, can bayan sito, inda wani guntun layin dogo ya ƙare. Na wani Bature ne da muke kira Mai Lofe. Abin da ke ciki ba shi da yawa. Tukunyar tururi ɗaya, doguwa baƙa kamar kan jirgi. Inji ɗaya mai babbar ƙafa da ke juya bel. Bel ɗin yana jan injin niƙa da rana, da yamma a mayar da shi kan janareto ya ba da lantarki. Sai famfon da ke ɗebo ruwa daga rafi. Matan unguwa suka sa wa tukunyar suna Tsohuwa, don ta girme mu duka kuma tana tari da safe.

Wanda ya koya mini aikin wani mutumin Gabas ne, Okoro. Bai koya mini da baki sosai ba, da bayan hannu ya fi koyarwa. Ya nuna mini gilashin da ake ganin ruwan tukunya. Ya nuna mini agogon tururi, da jan layin da allura ba ta wucewa. Akwai farantin ƙarfe a jikin tukunyar da aka rubuta iyakar ƙarfinta, ban iya karanta shi ba a lokacin, amma jan layi ba ya bukatar boko. A saman tukunya kuma akwai abin da muke kira hanci. Wata sanda ce ta ƙarfe da dunƙulen nauyi a ƙarshenta. In tururi ya kai jan layi, sai ya ɗaga sandar ya fita da huci, tukunya ta samu sauƙi. Okoro ya kama kunnena ya kai ni gaban sandar.

"Duk ranar da wani ya ƙara nauyi a nan," in ji shi, "ka kashe wuta ka tafi gida. Ko ubanka ne ya ƙara."

Ya tafi a shekarar tashin hankalin nan kafin yaƙin basasa, bai dawo ba. Ya bar mini ƙaramar gudumarsa da ake ƙwanƙwasa tukunya a ji lafiyarta.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan shekaru ba. Nakan hura wuta da asuba da itace da tsumma, in bi da kwal a hankali, kafin rana ta yi sama allura ta tashi. Mata su jera kwanukan dawa da masara da acca a bakin ƙofa, su jingina da bangon ɗakin tukunya don ɗuminsa, su yi ta gulmar gari. Ina ba su ruwan zafi na wanki. Direbobin jirgi da suka sauka daga aiki su zo mu gasa doya a kan shebur, mu ci da manja da barkono. Da tsakar rana in ja usur, manoma har Unguwar Rafi su san lokacin hutu ya yi. A layin niƙan nan na ga mahaifiyarku Rahila. Ta ce niƙana ya yi tsaki-tsaki, na ce dawarta ce ba ta bushe ba. Shekara ɗaya muna wannan gardama kafin in aika gidansu. Mahaifinta Baba Gimba dattijon ikilisiya ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar manoman citta. Ya dubi hannuna da kwal ya ci, ya ce mai irin wannan hannu ba zai bar 'yarsa da yunwa ba.

Ƙarfin Tsohuwa sananne ne. Da rana injin niƙa ɗaya. Da yamma ƙwan lantarki kamar hamsin, na sito da gidan Mai Lofe da ɗakin shan magani. Ba a haɗa mata biyun. Haka muka zauna lafiya har bayan yaƙi, lokacin da gwamnati ta ce irin waɗannan kamfanoni su koma hannun 'yan ƙasa. Mai Lofe ya haɗa kayansa. Mutum biyu suka saya: rabi na Alhaji Inuwa, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa da kakanninsa suka zauna a garin tun kafin dogo, rabi na ƙungiyar manoma a hannun Baba Gimba.

Sai kun san su biyun nan za ku gane abin da ya biyo baya. Abokai ne na gaske. Shekara da shekaru suna watanda tare: a haɗa kuɗi a sayi sa, Alhaji ya yanka don kowa ya iya ci, a kasa naman kashi-kashi a kan ganyen ayaba, da Sallah da Kirsimeti. Baba Gimba ne ke kasawa. In kashi ɗaya ya fi wani da tsoka guda, sai ya sa wuƙa ya daidaita. Alhaji yana ce masa Mai Sikeli, shi kuma yana ce wa Alhaji Bahaushen gishiri. Ranar da suka karɓi makullin gidan wuta suka yi alkawari gaban jama'a cewa haka za su raba lantarki, ɓangare ɗaya ba zai fi ɗaya da ƙwai guda ba. Jama'a suka yi ta tafi. Ni ma na tafa.

Aka ja waya zuwa masallaci, aka ja zuwa coci. Aka kai shagon Alhaji, aka kai gidan fasto. Ƙanin Alhaji ya yi aure aka sa masa ƙwai biyu, sai aka nemo wani a ƙungiya aka sa masa biyu ko bai roƙa ba. Wata gwauruwa a cocinmu ta samu, aka nemo gwauruwa a ɓangaren Alhaji. Ban taɓa ganin garin ya yi kyau irin na wannan shekara ba. Da magariba yara su taru ƙarƙashin fitilar bakin masallaci suna karatu, na coci da na allo, kai da kai. Tela ya riƙa ɗinki bayan faɗuwar rana. Kowa ya samu kashinsa daidai. Amma sa in an gama kasa shi ya ƙare, kowa ya gani. Tsohuwa ba a ganin ƙarewarta, sai ni da ke tsaye gaban allura.

Na gaya musu ƙwan sun wuce kima. Suka ce to, sun ji. Aka zo za a sa mana namu a gida, na ce ba na so. Rahila ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

"Maigida," ta ce a rana ta uku, "kai kaɗai ne mahauci a duniya da iyalinsa ke cin tuwo gaya."

Na ce mata aci-balbal ba ta taɓa kashe kowa ba. Ta ce baƙin hali ma bai taɓa kashe mai shi ba, ga ni da rai.

Da kakar citta ta zo, Alhaji ya sayo injin casar shinkafa aka ɗaura a bel. Ba a yi sati biyu ba ƙungiya ta sayo injin niƙa na biyu, don kada a ce an fi ta. Inji uku ke nan a wuyan Tsohuwa. Ƙafa ta fara juyawa kamar mai ciwon baya. In na ƙara kwal, allura ta kai jan layi, hanci ya buɗe ya zubar da tururin. Ta yi iyakarta. Ana cikin haka ƙanin mahaifina ya rasu a ƙauye, na tafi jana'iza kwana uku. Na bar wuta a hannun makanikin lorin Alhaji. Mutumin kirki ne, ya san mota, bai san tururi ba.

Na dawo ranar Alhamis da hantsi. Tun daga bakin sito na ji ƙarar ta sauya. Injuna uku suna gudu kamar sababbi, mata suna ta murna layi na tafiya. Abin da ban ji ba shi ne hucin hanci. Na shiga. Allura ta wuce jan layi da faɗin yatsa biyu. A ƙarshen sandar an ɗaure guntun ƙarfen dogo da waya. Makaniki ya tarye ni da fara'a, ya ce ya gano inda ƙarfin ke zurarewa, ya toshe. Na durƙusa na leƙa ƙasan tukunya. Ruwa na tsattsafowa daga ɗinkin ƙarfe, ɗigo-ɗigo, yana taɓa toka yana ƙara. Na ɗan ƙwanƙwasa da gudumar Okoro. Da can takan amsa kamar ƙararrawar coci. Ranar ta amsa kamar tulun da ya tsage. A bayan bangon nan, taku uku daga ɗinkin, mata fiye da ashirin ne a jingine, da goyo. Rahila na cikinsu, da cikin Lami wata bakwai, ta manna bayanta da bango don ɗumi.

Na buɗe ƙofar wuta don iska ta rage zafi, na hau sama na datse wayar. Ƙarfen ya faɗi, hanci ya buɗe da rugugin da ban taɓa ji ba. Mata suka watse, dawa ta zube, wata ta bar zanenta. Da tururin ya lafa suka dawo suna zagina.

Da la'asar aka kira ni zauren Alhaji. Shi da Baba Gimba suna zaune a tabarma ɗaya. Na tsuguna na gaya musu abin da na gani. Na ce a cire inji biyu, a yanke rabin wayoyin, a nemo mai duba tukunya. Sun yarda da ni, kada wani ya gaya muku ba su yarda ba. Matsalar ita ce na wa za a fara yankewa.

"A cire injin shinkafata," in ji Alhaji. "A yanke na shagona da na ƙannena."

"Allah ya kiyaye," in ji Baba Gimba. "In shiga kasuwa a ce Gimba ya cinye kashin abokinsa? A yanke namu."

"Mai Sikeli, saura wata ɗaya Kirsimeti. In bar cocinku cikin duhu nawa masallacin na haske? Da wane ido zan dubi mutanenka?"

Na ce to a yanke daidai, ɗaya nan ɗaya can, yadda aka sa. Nan ma suka kasa. Kowannensu yana iya yanke nasa na kansa, amma ba wanda zai iya zuwa ƙofar gwauruwa ko ta liman ko ta fasto ya karɓe abin da ya bayar gaban jama'a. A wurinmu kashin da aka miƙa ba ya komawa kan ganye. Sun daɗe suna juya maganar, kowa yana tausayin kowa. Ƙarshe suka tsaya kan cewa a mayar da ƙarfen dogon a kan hanci, wata ɗaya tak, citta ta ƙare, biki ya wuce, sannan a zauna. Makaniki ya ce ai kwana uku ta yi ba abin da ya faru.

Na ce ba zan mayar ba.

Baba Gimba ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Dogara, na ba ka 'yata. Ba za ka ba ni wata ɗaya ba?"

"Baba, 'yar taka ce a jikin bangon."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Garin nan a kan wayar nan yake zaune lafiya. Kai ƙarfe kawai kake gani."

Gaskiya ya faɗa, ƙarfe kawai nake gani. Alhaji ya ce in na gaji in huta, makaniki zai riƙe wuta daga Asabar. Na yi musu sallama.

Da can Okoro ya ce in kashe wuta in tafi gida. Amma in na tafi, wani zai hura. Ranar Juma'a na kwashe garwashin duka, na bar tukunya ta huce. Da hantsi na kwance akwatin da ke gefen inji, na zaro tagullar nan. Ita ce ke buɗe wa tururi hanya ta rufe, in babu ita ƙafar inji ba ta juyawa ko an ƙone kwal ɗin duniya. Ban ɓoye ta a riga ba. Na yi gammo na ɗora ta a ka, na bi ta tsakiyar kasuwa, na wuce gaban shagon Alhaji, na gaishe shi ya amsa yana kallona, na wuce ƙofar Baba Gimba, na shiga gidana. Ɓarawo ba ya bin wannan hanya. Ku riƙe wannan.

Sun aiko sau uku in mayar. Na ce ranar da aka yanke waya aka duba tukunya, da kaina zan ɗaura. Ba su kai ni wurin 'yan sanda ba, don Baba Gimba ba zai ɗaure surukinsa ba, Alhaji kuma ba zai ɗaure surukin abokinsa ba. Sun nemi irinta har Jos da Zariya. Lokacin aikin tururi na mutuwa, jirage na komawa man dizal, kwal ma sai an yi wata ba a ga taragu ba. Ba su samu ba. Suka ce za su zauna bayan biki. Bayan biki kowa ya jira ɗan'uwansa ya fara magana. Injunan niƙan aka sayar wa mai injin dizal. Tsohuwa ba ta sake tari ba.

Kirsimetin shekarar a duhu aka yi shi. Mata suka koma turmi, suna daka suna sa sunana a waƙa. Dattawan ikilisiya suka sa ni ƙarƙashin horo, shekara guda ina zama a bencin baya, ana wuce ni da jibin Ubangiji. Ba wanda ya ba ni aiki a garin. Da aka yi watanda, Baba Gimba ya kasa nama bai kasa da ni ba. Ya aiko a ce wa Rahila ta koma gida ta haihu a can. Ta ɗaura kayanta ta tafi. Ban hana ta ba. Bayan kwana huɗu na dawo daga neman itace na same ta tana hura murhu.

"Kada ka ɗauka na ce kana da gaskiya," in ji ta. "Can ma duhu ne, gara duhun da na saba."

Muka koma ƙauye na kama garma. Doya ta rene ku, ba kwal ba. Sai bayan shekaru muka dawo Kafanchan, lokacin wutar gwamnati ta shiga unguwarmu. Baba Gimba bai sake cin abinci a gidana ba. In mun haɗu a coci na gaishe shi, ya amsa, ya wuce. Ina son mutumin nan. Ban taɓa gaya masa ba, ban san yadda ake yi ba.

Kuna so in ce muku daga baya gaskiyata ta fito. Ba ta fito ba. Da masu sayen tsohon ƙarfe suka zo yanka tukunyar, Alhaji ya aiko na je. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya caka sandar a wurin ɗinkin nan, ta huda ƙarfen ta shige. Muka dubi ramin. Ya ce wataƙila haka take tun ranar, wataƙila kuma ruwan saman shekarun nan ne ya cinye ta. Na ce haka ne. Ban sani ba ko za ta fashe a watan nan. Har yau ban sani ba. Na san abin da guduma ta gaya mini, na san waɗanda ke jikin bango. Da Sallar shekarar yaron shagonsa ya kawo mana kashin nama. Ya aiko da saƙo cewa rabin tagullar nan nasa ne, ya bar mini.

Ɗaya rabin na Baba Gimba ne da mutanensa. Da ciwonsa ya yi tsanani Rahila ta je jinya. Ni na tsaya a waje, ba a ce in shiga ba. Ranar da aka binne shi, muna dawowa a hanya ta ce mini ya tambaye ta ko abin yana nan. Ta ce yana nan, a bakin ƙofa. Sai ya ce:

"Ki gaya wa mijinki ya riƙa goge ta. Kayan jama'a ne."

Tun bayan wancan Kirsimetin, iyakar saƙon da ya aiko mini ke nan. Shi ya sa kuke ganina duk Asabar da toka da lemun tsami ina dirje ta, kuna dariya.

Ƙungiyar ta watse, ba wanda zai zo karɓa. In na mutu kada ku sayar wa masu tsohon ƙarfe. Ku ba Lami. Ita ce ke jikin bangon ranar, tana cikin mahaifiyarta, ba ta sani ba. Lami, ki tokare ƙofarki da ita, ki riƙa gogewa. In wani ya ce ubanki ɓarawo ne, kada ki yi faɗa da shi. Ki nuna masa ita a fili, ki ce tana nan, mai ita ya zo ya ɗauka.